Lamba ta 41

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin watan Janairu ba, da wuya ya gane irin naɗin da muke yi wa jariri kafin mu fita da shi da sassafe. Singileti, riga, suwaita biyu, hular ulu, safar hannu da ta ƙafa, a dunƙule shi cikin shawul, a goya shi da zani, a ɗaure da majanyi, sannan a saki hijabi a kai. In ka hango mace ta taho a haka, abin da za ka gani na yaron bai wuce ɗan tudu a bayanta ba. 'Ya'ya huɗu na goya a haka. Ban taɓa kawowa a raina cewa wannan naɗin yana iya ɓoye yaron da numfashi ke neman ƙwace masa ba, sai wata Talata a sanyin bara.

Autana ne ya kwana yana ihu da ciwon kunne. Shekararsa uku. Ina idar da sallar asuba na saɓa shi a kafaɗa, muka tari keke daga Anguwan Rogo, iska na yankan fuska. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin abin da na gani a can ba nasu ne su kaɗai ba. Na zauna a bencin asibitoci da dama, tsarin kusan ɗaya ne. Ka zo ka karɓi 'yar takarda mai lamba a hannun maigadi, ka jira malamin kati ya iso ya ciro fayil, ka biya, a yi wa yaro awo a gwada zafin jikinsa, sannan ka koma benci ka zuba wa ƙofar likita ido. Sammakona ya yi rana, lamba ta 7 na samu.

Wajen ƙarfe tara wata yarinya ta shigo, ba za ta wuce shekara goma sha tara ba, ta raɓa ta zauna a ƙarshen bencinmu. Daga wajen Mista Ali ta taho, mota biyu ta hau, shi ya sa ta makara. Takardarta na hannunta, an rubuta 41. Wurin kuwa ya kaure da kukan yara, wannan na tari, wancan na birgima a ƙasa don ya hango mai farar riga, nawa ma yana ta jan kunne yana tsala ihu. Goyonta ne kaɗai ya yi shiru. Sai da hayaniya ta ɗan lafa na ji wani sauti yana fitowa daga ƙarƙashin hijabinta. Ba kuka ba ne. Gajeren nishi ne, ɗaya bayan ɗaya, irin na wanda ke ƙoƙarin ɗaga kaya mai nauyi.

Na ce, "Baiwar Allah, me ke damun yaron?"

Ta sunkuyar da kai. "Mura ce, Hajiya. Barci yake yi."

"Yaushe rabonsa da nono?"

"Tun jiya da la'asar bai kama ba."

"Sauko da shi mu gani."

Ta yi jim. Daga baya na gane ɗan fari ne. Ga alkunya, ga baƙunta, ga maza a wurin, kuma tun tana ƙarama aka koya mata cewa mace ba ta rawar jiki a kan ɗanta na fari a gaban mutane. Na kama majanyin da kaina na kwance. Muka shiga cire kaya, suwaita bayan suwaita, har muka kai ga singileti na ɗaga. Watansa biyar. Duk numfashin da ya ja, ƙasan haƙarƙarinsa sai ya lotsa ciki har ka ce za a iya zuba ruwa ya tsaya a wurin. Ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa. Leɓensa ya koma ruwan toka. Idonsa a buɗe yake rabi, amma ba kowa yake kallo ba.

A lokacin ban san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ba. Gabana ne kawai ya faɗi. Na tashi na nufi teburin nas, ita kaɗai ce a kan yara fiye da hamsin, ma'aunin zafi a hannu ɗaya, biro a ɗayan. Na ce, "Sista, don Allah ga wani yaro can ba ya numfashi daidai." Ba ta ɗago ba, ta ce a yi haƙuri a bi layi, kowa za a gani. Ban riƙe ta a zuciya ba har yau, domin a zaman da na yi a wurin kaɗai, mutum huɗu na ji sun faɗa mata irin wannan magana, kuma yaransu na tsaye da ƙafafunsu suna cin biskit.

Wadda ta cece mu wata dattijuwa ce mai goge ƙasa, da sarƙar gicciye a wuyanta, kowa na ce mata Mama. Tana wucewa da bokitinta ta kalli yaron sau ɗaya, ta jingine sandar gugar a bango, ta ce, "'Yata, kawo shi." Ta karɓe shi, ta ratsa layin ba ta ce wa kowa komai ba, ta ajiye shi a kan littafin da nas ke rubutu a ciki. Nas ɗin na ganinsa ta miƙe har kujera ta faɗi. Ta maƙala masa wata 'yar na'ura a babban yatsan ƙafa, ta dubi lambar da ta fito, ta sungume shi da gudu zuwa ɗakin gaggawa, uwar na biye da takalmi ɗaya a ƙafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya a kan benci. Guna-guni ya tashi. Wata ta ce, "Mu da muka zo tun asuba fa?" Wani magidanci ya ce, "An fara ke nan, 'yan alfarma. Kowa ma ai ɗansa ba shi da lafiya." Ni kuwa aka kira lamba ta 7, likita ya leƙa kunnen autana, ya rubuta magani, kafin goma da rabi mun fito. A yadda layin ke tafiya, da sai bayan azahar za a kira 41.

Da daddare na kira ƙanwata, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana aikin jinya a sashen yara, na kwashe labari na faɗa mata. Ta ce, "Yaya, abin da Mama ta yi ai shi ne aikin da ya kamata a ce akwai wanda aka ajiye dominsa a bakin ƙofa." Ita ta fara gaya mini cewa abin yana da tsari a rubuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi a 2005, ana ce masa ETAT, wato tantance yara da zarar sun iso da kuma ba su taimakon gaggawa nan take. An sake sabunta shi a 2016. Ba wani dogon bincike ba ne. Wanda ya ƙware, daƙiƙa 15 zuwa 20 sun ishe shi ya dubi yaro ya san rukunin da zai sa shi.

Rukunin uku ne, kuma wurare da yawa suna bambanta su da launi. Ja shi ne wanda ba a jira da shi ko minti ɗaya: yaron da numfashinsa ya toshe ko yake fama da shi sosai, wanda leɓensa ko harshensa ya canza launi, wanda ya suma ko yake jijjiga, wanda gudawa ta tsotse shi har ido ya faɗa, in an tsunkuli fatar cikinsa ba ta komawa da wuri. Akwai kuma wanda jini ba ya zagaya jikinsa yadda ya kamata. Ana danna farce a saki, in ya wuce daƙiƙa uku launinsa bai dawo ba, ga hannu da sanyi, ga bugun jijiya da sauri ba ƙarfi, to wannan ma ja ne. Ta ce a hunturun Jos hannun kowane yaro ƙanƙara ne, shi ya sa ba a tsayawa a kan alama ɗaya, sai an haɗa ukun. Rawaya shi ne wanda za a kai gaban layi a gan shi da wuri: jaririn da bai kai wata biyu ba ko me ya kawo shi, mai zazzaɓi mai zafi ƙwarai, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, wanda ya sha kananzir ko wata guba, mai ƙuna ko mummunan rauni, mai ciwo mai tsananin zafi, mai wahalar numfashi da ba ta kai ta ja ba, mai kumburin ƙafafu biyu, wanda tamowa ta ramar da shi, wanda ya yi laushi ko ya kasa natsuwa, da wanda aka turo da takardar gaggawa daga wani asibiti. Sauran kore ne, su ne za su bi layi. Autana da kunnensa, duk ihun da yake yi, in dai zafin ciwon bai kai intaha ba, kore ne.

Na tambaye ta ko wannan ba tsarin ƙasashen masu kuɗi ba ne. Ta ce a Afirka aka raine shi, a Malawi. A babban asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun gyara sashen da yara ke fara sauka, suka horar da ma'aikata, suka sa ana duba kowane yaro yana isowa. Rahoton da suka wallafa a 2006 ya nuna mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin 100, ta koma kashi 6 zuwa 8. Malawi ba ta fi mu kuɗi ba, ko kusa. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a lokacin, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. Kusan ɗaya cikin takwas ke nan. Kuma sanannen abu ne a wajen ma'aikatan lafiya cewa yaran da ke rasuwa a asibiti, da yawa cikinsu a kwana ɗayan farko suke tafiya. Wasu sun makara ne tun daga gida, wannan gaskiya ne, mun tsaya a kemis, mun tsaya jiran maigida ya dawo. Amma wasu sun iso a kan lokaci, a kan bencin suka makara.

Abin da ya fi ba ni mamaki a bayaninta shi ne, littafin horon ya ambaci irin su Mama ƙarara. Ya ce masu gadi, da malaman kati, da masu shara, duk wanda shi ne farkon haɗuwa da mara lafiya, a koya masa gane alamomin haɗari, a kuma nuna masa inda zai kai yaro. Ku duba fa. Mutum na farko da ya ga yarinyar nan ranar shi ne Baba maigadi, shi ya miƙa mata 41. Da an taɓa zaunar da shi na yini biyu an ce, "Baba, duk mai goyo ka ce ta ɗaga mayafi ka ga fuskar yaron, ka tambaye ta ko yana shan nono," da ba ta zauna a bencin nan ba sam.

Na daɗe ina tunanin mutanen da suka yi guna-guni, kuma na kasa ganin baƙinsu. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya saba duk inda ya je a ƙasar nan, gidan mai, banki, ofishin katin ɗan ƙasa, sai an zo an wuce da wani ta gabansa don ya san wani ko ya sha hannu da wani. Layi shi ne ɗan abin da ya rage wa talaka na adalci: na riga ka zuwa, in riga ka shiga. A asibiti ma mun sha gani, a shigo da ɗan wane ta ƙofar baya da 'yar mura, mai lamba a hannu na kallo. To wanda aka yi wa haka sau goma, ranar da aka wuce da yaron da ke mutuwa da gaske, ta ina zai bambanta? Shi ya sa nake ganin ajiye nas a bakin ƙofa kaɗai ba zai wadatar ba. Dole dokar ta fito fili, kowa ya ji ta da kunnensa. Kowace safiya wani ya tsaya gaban benci ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Turanci: a nan ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, wanda ya fi jin jiki ake fara gani, ga alamomin, ga launukan. Katin ja ko rawaya ya kasance a hannun uwa kowa na gani. Fastocin da ke bangon asibitocinmu yawanci da Turanci suke, da ƙananan haruffa, rana ta cinye su. Su kuma ma'aikata su san cewa ranar da suka ba ɗan ƙawarsu katin rawaya don mura, sun rushe abin gaba ɗaya, gobe ba wanda zai matsa wa mai ja.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba na son a yi ta kewaye-kewaye a kanta. Yaron da aka ga alamar ja a jikinsa, bai kamata uwarsa ta tsaya layin biyan kuɗin kati ba, balle a ce ta fita neman mai POS. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Iyaye nawa ne a Gangare ko Dilimi suka san da wannan? A yi wa yaro abin da zai tsayar da ransa tukuna, fayil da rasit su biyo baya. A gaskiya ranar haka aka yi wa yaron nan, an sa masa iskar oksijin kafin a tambayi uwarsa ko sisi, kuma ina yi wa waɗanda suka yi hakan addu'a.

Ban manta da nas ɗin nan ita kaɗai a kan teburi ba. Ƙanwata ta ce abokan karatunta da dama sun tafi Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage suna yin aikin mutum uku. Ba za ka ce wa mace ɗaya ta yi awo, ta gwada zafi, ta rubuta, ta amsa tambayar kowa, sannan ta riƙa zagaya benci tana ɗaga hijabai ba. Tantancewa aiki ne mai zaman kansa, yana son mutum nasa, da teburinsa kusa da ƙofa, da agogo, da ma'aunin zafi, da 'yar na'urar nan ta yatsa mai nuna yawan iska a jini. In ta nuna ƙasa da 90, yaro na buƙatar oksijin. Na'urar ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba. Kuma dubawa ɗaya ba ta isa, domin yaron da ya shigo kore da ƙarfe takwas, zazzaɓin cizon sauro na iya sa shi jijjiga kafin sha ɗaya. Sai an riƙa komawa kan layin ana sake dubawa.

Mu iyaye ma da namu. Ƙanwata ta koya mini ƙirga numfashi, na koya wa matan layinmu a gidan suna. Ki jira yaro ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki saita minti ɗaya cif a wayarki, ki ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, 40. In kuma yaro ya ƙi nono ko ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko ya yi jijjiga, ko an kasa tayar da shi daga barci, ba a kwana da wannan a gida. Kina isa asibiti ki sauko da shi daga baya, ki buɗe ƙirjinsa ko da sanyi, ki rufa masa shawul a kan cinyarki inda ido zai gan shi. Kuma ki fara da mafi munin abin. Mu mata muna son faro labari daga tushe, yadda aka yi wanka ranar Alhamis iska ta buge shi. Nas ba ta da lokacin kaiwa ƙarshen labarin. Ki ce, "Sista, bai sha nono ba tun jiya, numfashinsa 65." Wannan magana tana ɗaga kan ma'aikaci. Kada kuma ki ƙara gishiri don a gan ki da wuri, domin irin wannan ne ya sa aka daina jin masu gaskiya.

Ita alkunya, ina girmama ta, da ita aka raine ni. Amma ina roƙon iyayenmu mata da surukai, in za a kai ɗan fari asibiti, a haɗa yarinya da babba mai baki, ko a gaya mata tun daga gida cewa a can an yafe mata kunya.

Ranar Asabar na koma da kunun gyada a fulas. Na same su a ɗakin yara, an cire masa robar hanci, ciwon haƙarƙari ne likita ya ce, nimoniya. Yana kan cinyarta yana tsotso da ƙarfi har yana haɗa gumi. Uwar mijinta ta zo daga ƙauye, ta riƙe hannuna ta dinga sa albarka har na rasa inda zan sa kaina, na ce ba ni ba ce, Mama ce. Yarinyar ta kwance bakin zaninta za ta ciro kuɗin mota ta ba wani ƙaninta, sai ga 'yar takardar nan ta faɗo, a nannaɗe, 41. Ba wanda ya karɓe ta a hannunta.

A hanyar fita na tarar da Mama a baranda tana matse tsumma. Na gaishe ta, na ce, "Mama, wa ya koya miki gane irin wannan yaron?"

Ta ce, "Ba wanda ya koya mini, 'yata. Shekara ashirin da biyu ina share wurin nan. Na ga waɗanda aka kira lambarsu, uwa ta kwance goyo, a tarar ya riga ya yi sanyi." Ta ɗauki bokitinta ta yi gaba.

Na bi ta gaban sashen da muka zauna ranar Talata. Ko da yake Asabar ce, bencin a cike yake. Na tsaya na ƙirga mata masu goyo a ƙarƙashin hijabi da mayafi, su goma sha ɗaya, kowace da 'yar takardarta a hannu.